An ce Baba ya kamu da ciwon hanta a wurin wankin ƙoda: mu ɓoye takardar ko mu bi layin inji ɗaya?

Babban Ɗa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Wata tara ke nan mahaifinmu yana wankin ƙoda, sau biyu a mako in kuɗi sun samu, in ba su samu ba sau ɗaya. Ranar da za a fara an yi masa gwajin nan uku da ake yi wa kowa: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Duk babu. Bayan wata uku aka sake, babu. Takardun suna cikin jakata har yanzu. Shekaranjiya Litinin muka yi sammako, har na shimfiɗa masa bargonsa a gadon da ya saba, na bakin taga, sai nas ta yafito ni gefe ta ce kada ya hau, sakamakon makon jiya ya fito, an ga nau'in B a jininsa. Wai daga yanzu sai a wani ɗan ɗaki can baya, inji ɗaya tak a ciki, mutum shida ke jiransa. Sai tara na dare layi ya zo kanmu. Baba bai ce uffan ba, sai da muka shiga mota ya ce, "To yanzu kuma na zama kuturu ke nan?" Tambayata biyu. A ina ya samo ta in ba a wurinsu ba? Sannan wani ya ce mu canza asibiti kawai mu nuna tsohuwar takarda. Me kuka gani?

Gaskiya Ɗaci: Allah ya ba Baba lafiya. Ni ba na ɓoye-ɓoye: su suka sa masa, su kuma ke wulaƙanta shi. Kun shiga da ciwo ɗaya kun fito da biyu, da kuɗinku kuma. Ɗauke shi ka kai wani wurin ka miƙa tsohuwar takarda. Wa zai sani?

Sistan Dare: Haba Malam. Don girman Allah ka janye wannan magana. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin wankin ƙoda, bari in gaya maka abin da kake cewa a yi. Ƙwayar nau'in B ba irin ta ƙanjamau ba ce da ke mutuwa da wuri in ta bar jiki. Tana iya kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfen gado ko maɓallin inji, ba ta mutu ba. Kuma yawanta a jinin mai ɗauke da ita ya kai yadda ɗigon da ido ba ya gani ma ya isa. Mu kuwa aikinmu jini ne: sa'a huɗu jinin mutum yana fita ta roba yana zagayawa yana komawa. Ka ɗauko shi ka kwantar a tsakiyar mutane goma da garkuwar jikinsu ta riga ta yi rauni, ka ce wa zai sani?

Babban Ɗa, ka ba Baba haƙuri. Ɗakin bayan nan ba don ƙyama aka yi shi ba. Masu ƙanjamau ma ba a ware musu ɗaki, nau'in B ne kaɗai ƙa'ida ta ce a ware masa ɗaki da inji da kayan aiki, saboda naci irin nata.

Malamin Lab: Ko an bi shawarar ɓoyewa ma ba inda za ta je. Duk wurin da ya san abin da yake yi ba zai ɗora baƙo a inji da takardar wata shida ba, sai ya sake ɗibar jini. Amma kafin a kai ga neman mai laifi, ina da tambaya: an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta a cikin mako biyu ko ukun da suka wuce? Ina tambaya ne don abin da muke nema a gwajin, wanda ake rubutawa HBsAg, ɓawon ƙwayar cutar ne, kuma da irin wannan ɓawon ake haɗa rigakafin. In aka ɗebi jini ba da jimawa ba bayan allura, yakan nuna akwai alhali babu, kwana kaɗan ya ɓace. Na sha ganin gida ya rikice a kan haka.

Babban Ɗa: Wace allura? Wallahi Malam ba wanda ya taɓa ce mana akwai rigakafin da ya kamata a yi masa. Ni na ɗauka ta jarirai ce.

Malamin Lab: Inna lillahi. To wannan ne babban abin takaicin, ba ɗakin baya ba. An taɓa ƙara masa jini?

Babban Ɗa: Leda biyar. Biyu a farkon ciwon, uku daga baya. Biyu daga cikinsu mu muka bayar, ni da ƙanena, sauran saye muka yi, ɗaya ma da daddare a wani ƙaramin wuri don jininsa ya yi ƙasa sosai. Allurar ƙarin jinin nan da suke rubutawa ta fi ƙarfinmu kowane mako.

Likitan Ƙoda: Sannu ɗana, Allah ya saka maka da hidimar da kake yi. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Ba wanda zai iya rantse maka daga nan cewa ga inda ya samo ta, domin ƙofofin sun fi ɗaya. Ledar jini ƙofa ce. Wanda ya kamu jiya-jiya, gwajin ɗan tsinken nan na gaggawa ba ya ganinsa, sai ƙwayar ta yi makonni kafin ta bayyana, a wannan tsakanin kuwa jininsa na iya sa wa wani. Ɗakin wankin shi ma ƙofa ce, ba zan kare abokan aikina a kan abin da na san yana faruwa ba. Akwai aska ta wanzami da ta mai yankan farce da ƙaho. Sannan akwai wadda mutane ba su cika sani ba: mutum ya kamu tun yana yaro, jikinsa ya danne ta har gwaji ya daina gani, amma tana kwance a hanta, sai garkuwa ta yi sanyi ta ɗago kai. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki kwana 30 zuwa 180, don haka waiwayen da za a yi na wata shida ne, ba na makon jiya ba.

Abin da zan so a yi: a sake gwajin a babban ɗakin gwaji, ba da tsinke ba. A haɗa da wanda ake kira anti-HBc IgM, shi ke taimakawa a gane ko sabon kamu ne. A auna yawan ƙwayar a jini, a duba aikin hanta, a yi hoton ciki. Kada ku ga lambar ALT, wato awon da ke nuna ko hanta ta taɓu, ba ta hau ba ku ce lafiya lau, masu wankin ƙoda tasu takan zauna ƙasa ko da hanta na shan wuya. Kuma yawancinsu ba sa yin shawara, ido ba ya yin ɗorawa, shi ya sa gwaji a kai a kai ne kaɗai ke kama ta.

Gaskiya Ɗaci: Dakta, da girmanka, amma wannan duk Turanci ne. Mutumin da ke haɗa kuɗin wanki da ƙyar za ka lissafa wa gwaji biyar? Gwajin yawan ƙwayar nan kaɗai ya kusa kuɗin wanki guda.

Likitan Ƙoda: Gaskiyarka, akwai tsada. In ba hali, a fara da sakewa da na aikin hanta, na yawan ƙwayar ya biyo baya. Amma kada a fasa wanki don a biya gwaji. Rashin wanki na kashewa a cikin kwanaki, wannan kuwa tafiyar shekaru ce.

Ɗan Gashuwa: Ni ɗan ɗakin baya ne, shekara biyu da rabi. Ku bar ni in yi magana don ni ke kwana a ciki. Mu a wajenmu ciwon ƙoda ba baƙo ba ne, daga Gashuwa har Haɗeja da wuya ka sami zuri'ar da bai taɓa ba. Ni da ciwon hantata na zo, tun gwajin farko aka gani, ban ma san ina da ita ba. Sista ta ce ba ƙyama ba ce, na yarda. Amma ku sani inji ɗaya inji ɗaya ne. Bara namu ya lalace, kwana goma sha ɗaya ana jiran mai gyara. A babban ɗaki injuna na ta aiki, ina jin ƙararsu, ni ko ina zaune a benci ƙafata kamar turmi. A kwana na takwas na daina iya kwanciya, sai dai in jingina da filo uku in kwana a zaune, numfashi kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Ƙishi kuwa, ƙanƙara ɗaya nake tsotsa in tofar. Na je wurare biyu, da sun ga takarda sai su ce ba su da injin masu B. A daren nan da wani ya ce mini ga takardar ƙarya, ban san me zan ce masa ba. Ban yi ba, amma ba zan zagi wanda shaiɗan ya raya masa ba.

Gaskiya Ɗaci: To kun ji. Ba ni na faɗa ba. Ƙa'idar da aka rubuta a ƙasar da kowane lungu akwai inji, ita za a ɗora wa talakan da ke da inji ɗaya a jiha?

Uwar Biyu: Malam Gaskiya, ina karantawa tun ɗazu ban so in sa baki ba. Maigidana shekara uku ya yi yana wanki kafin Allah ya karɓi abinsa. Mutanen ɗakin nan sun zama 'yan uwa, mun san 'ya'yan juna, ranar da wani bai zo ba sai gaban kowa ya faɗi. Gadon da kake cewa a kwantar da Baba a ɓoye, uban wani ne zai hau da an sauke shi. Kuma in wani ne ya yi wannan dabarar har ta iso kan Baba fa? Ka ga abin da ya yi zafi a nan shi kake cewa a yi wa wani.

Gaskiya Ɗaci: Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji. Ban ce a cuci kowa ba. Haushin masu asibitin ne ya ci ni.

Likitan Ƙoda: Kan batun ƙa'idar ƙasashen waje, ku san ba a ofis aka zauna aka ƙirƙire ta ba, da gawa aka saye ta. A 1969 zuwa 1970 cutar nan ta ɓarke a sashen wankin ƙoda a birnin Edinbara na Sikotland, ta kashe marasa lafiya ta kashe ma'aikata. Bayan wannan da irinsa ne aka fitar da rahoton Rosenheim a Birtaniya a 1972, wanda ya ce a riƙa gwada kowa a kuma ware masu ɗauke da ita. A Amurka, a 1974 kashi 6.2 cikin ɗari na masu wankin ƙoda ne ke sabon kamu a shekara. Hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta fitar da irin wannan ƙa'ida a 1977, kuma adadin ya faɗo sosai tun kafin rigakafi ya shigo a farkon shekarun 1980. Zuwa 1999 ya koma 0.06. Wato warewa da tsafta su suka fara yin aikin.

Mu kuwa mun fi su buƙatarta. Binciken ƙasa baki ɗaya na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. To wurin da ke da marasa lafiya sittin ya ajiye inji ɗaya ba na ko-ta-kwana, lissafinsa ne bai fita ba. Kukan Ɗan Gashuwa a nan ya kamata a kai shi: a ƙara inji a ɗakin baya, ba a rushe ɗakin ba.

Mai Jiƙo: Jama'a ciwon hanta ai ba abin tashin hankali ba ne. Akwai saiwar da muke jiƙawa, kofi uku a rana, wata ɗaya a sake gwaji ba za a ga komai ba. Mai so ya biyo ni ta akwati.

Shugaban Zaure: Malam Mai Jiƙo, dokar zaure ta hana talla. Wannan gargaɗi na farko ne.

Sistan Dare: Kofi uku a rana ga mutumin da ba ya fitsari! Ruwan da aka yarda ya sha a yini gaba ɗaya ma bai kai haka ba. Kuma saiwoyi da ganyayen nan ba wanda ya auna sinadarin fotashiyam da ke cikinsu, shi ne kuwa in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yake tsayar da zuciya ba sallama. Babban Ɗa, 'yan dubiya za su yi ta kawo galan-galan, ka karɓa ka yi godiya ka zubar a bayan gida.

Bari kuma in faɗi laifinmu, tunda Dakta ya buɗe ƙofa. Mutane na zaton ta cikin injin cutar ke bi. Ba kasafai ba, don robobin da matatar sababbi ake buɗe wa kowa. Ta hannu take bi. Nas ɗaya da majinyata huɗu, inji na ƙara a can, jini na zuba a nan, sai ta ruga ta danna maɓalli da safar da ta taɓa wani. Kwalbar hefarin, maganin hana jini daskarewa, in babba ce ana zuƙa wa mutum da yawa, sirinji ɗaya ya koma ciki sau biyu an gama da kowa. Teburin tura magani da ke yawo gado-gado, almakashi, filasta, abin awon hawan jini. Ga sauri, don ana so a sauke wannan a ɗora wancan kafin a ɗauke wuta, sai a goge inji sama-sama. Ku masu jinya ku sa ido: a buɗe roba da matata a gabanku, a goge gado da jikin inji da ruwan bilic kafin naku ya hau, nas ta canza safar hannu. Ku faɗa da ladabi. Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushi ba. Kuma wadda ke ɗakin baya bai kamata ta riƙa leƙawa babban ɗaki tana taɓa marasa rigakafi a wannan zubin ba.

Babban Ɗa: Sista, ranar Litinin ɗin nan da idona na ga wadda ta sa wa Baba roba ta fita ta je ta taya su a babban ɗaki, don su biyu ne kawai a aikin dare.

Sistan Dare: To ka gani. Ka sami shugabar sashen ka gaya mata, ba da faɗa ba. Ka kuma tambaye ta ko akwai wani da gwajinsa ya juya ya nuna cutar a watannin nan bayan Baba. In akwai, wajibi ne su gwada kowa da kowa su binciki kansu.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, daga Nijar nake bin ku. Mu a takardunmu AgHBs ake rubutawa, abu ɗaya ne da HBsAg. Tambayata kan gida ce. Yayata na da ita, yanzu an ware mata kwano da kofi, har tabarmar sallarta ba mai hawa, wai zufa na ɗauka. Haka ne?

Likitan Ƙoda: Ba haka ba ne. A mayar mata da kwanonta cikin na jama'a. Ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko musabaha, ko tari, ko zufa. Jini ne, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Abin da za a raba shi ne reza, burushin haƙori, abin yankan farce. Sauran 'yan gida a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida, shi ke nan. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin sa'a 24 da haihuwa, don wanda ya kamu yana jariri kusan tara cikin goma da ita za su rayu, babba mai lafiya kuwa yawanci jikinsa ke korar ta. Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan kada ya ɗauka an yi masa.

Ɗan Gashuwa: Dakta ka yi wa masu sabon shiga bayanin tasu allurar, don na ga ana yi musu irin ta kowa.

Likitan Ƙoda: Yawwa, na gode. Ta mai wankin ƙoda ninki biyu ce, maikirogiram 40 maimakon 20, kuma da irin rigakafin da ake kira Engerix-B sau huɗu ake yi: ranar farko, bayan wata ɗaya, wata biyu, wata shida. A dantse, ba a ɗuwawu ba. Duk da haka ba kowa jikinsa ke amsawa ba, masu lafiya fiye da tara cikin goma ke samun kariya, su kuwa da yawa ba sa samu. Shi ya sa bayan wata ɗaya zuwa biyu da ta ƙarshe ake auna anti-HBs, awon da ke nuna ko jiki ya samu kariya. In ya kai 10 an samu, in bai kai ba a sake zagaye. Kuma a riƙa aunawa duk shekara, don tasu kariyar na zagwanyewa. Mafi kyau ma a yi tun ƙoda ba ta gama tsayawa ba, lokacin jiki ya fi amsawa. Mai ciwon suga ko hawan jini da aka ce ƙodarsa ta fara taɓuwa, yanzu ne lokacinsa.

Babban Ɗa: Dakta, saura abu ɗaya da ya hana ni barci. Muna ta tara kuɗin dashe, ƙanena ya ce zai ba shi ƙoda. Shi ke nan wannan ta rushe?

Likitan Ƙoda: Ba ta rushe ba, ta dai ƙara matakai. Magungunan da ake sha bayan dashe suna kwantar da garkuwar jiki, ƙwayar kuwa ta samu sake, don haka sai an duba lafiyar hanta an kuma ɗora shi a kan maganin danne ta, irin su entecavir ko tenofovir. Suna danne ta sosai amma ba sa fitar da ita, kuma ba a tsayar da su da ka. Kada ka saya a kemis ka ba shi yadda mai lafiyar ƙoda ke sha, awon mai wanki daban ne, wani ma sau ɗaya a mako ne bayan an sauko daga inji. In kuma sabon kamu ne, za a bi shi wata shida a ga ko jikin zai kore ta, ko da yake masu wanki sun fi saurin riƙe ta. Ka kuma kiyaye masa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubar da ke cikinsu in ta haɗu da nau'in B tana ƙara haɗarin kansar hanta.

Gaskiya Ɗaci: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana cewa a tuhumi asibitin. Wata tara ba su ce a yi masa allura ba. Batun takarda na janye.

Uwar Biyu: Wannan kam ba mai musa maka.

Babban Ɗa: Na dawo, jiya ban samu shigowa ba. Mun je mu bakwai an gwada mu. Ni babu, Hajiya babu, ƙanen nawa mai ba da ƙoda babu, an yi mana allurar farko a take. Amma an samu a jinin ƙanwar Baba da ke zaune da mu, uwarsu ɗaya, ita ma ba ta taɓa sani ba. Yanzu ban ma san wa zan tuhuma ba. Na sami shugabar sashen, ta ce za su sake gwada 'yan babban ɗaki duka, ba ta dai amsa mini ko akwai wani ba. Na Baba an ɗebi jini an aika, sai mako mai zuwa. Ɗan Gashuwa, na karanta wa Baba abin da ka rubuta, ya ce in tambaye ka wace rana kake wanki, kuma kai ma sai dare layi ke zuwa kanka?

Ɗan Gashuwa: Talata da Asabar, Baba. Da dare ne, amma ya fi sanyi kuma ba hayaniya. A zo masa da bargo biyu.